Bakin gwal a tangaran: gasasshe ko na fenti?

'Yar'uwa, kofuna masu bakin gwal da kika tambaya a kai, gasasshe da na fenti duk sun ratsa ta hannuna. Gasasshen za ki ɗauka.

Ina da wasu guda shida da yayata ta ba ni, sun fi shekara goma a wurina, har yau in na fito da su sai an ce yaushe na saya. Ɗaya ne kawai gwal ɗinsa ya ɗan koɗe, daidai inda leɓe ke taɓawa, shi ma don shi na fi so ne. Irin wannan akwai zinare na gaske a ciki, amma ɗan mitsitsi. Narkar da shi ake yi cikin wani mai, a shafa a kan tangaran ɗin da aka riga aka gasa, a sake mayar da shi wuta wajen digiri 700 zuwa 800. Kafin gashin launinsa ma ruwan ƙasa ne, ba kyan gani. Sai man ya ƙone ƙyallin ke fitowa. Fitar da ƙyalli da wuta ma ba dabarar yau ba ce, tun a ƙarni na 9 maginan tukwane na Iraƙi sun fitar da ƙyalli mai kama da zinare, amma da azurfa da jan ƙarfe suka yi amfani.

Sai dai yana son lallaɓawa. Soso mai laushi, ban da na ƙarfe, ban da injin wanke-wanke. Kuma kada ya kusanci maikurowef, tartsatsi zai yi ta yi.

Na fenti kuwa, to, in gilashin fure ne da za a ajiye a kan kanta, ba laifi. Nawa wata biyu ya fara ɓarewa, kuma ba abin kai wa baki ba ne.

Ki yi hattara da masu sayarwa. Akwai na uku, sinadarin taitaniyam, irin ruwan ɗorawar da ke kan bakin injin huda ƙarfe. Ya fi gasasshen jure gogayya, ba ni da matsala da shi, amma babu ko ƙwayar zinare a ciki, wasu kuma sai su manna masa "24K", wato alamar tsantsar zinare, su tsuga kuɗi. Mai fenti ma rantsuwa zai yi miki gasasshe ne. Ki kai farce gefen da ba a gani ki ɗan kankara. In ya taso, ajiye masa kayansa.