Kunyar da Na Sha a Kan Katangar Gidana a Amurka

Salamu alaikum, 'yan uwa na gida. Da yawanku kun ji cewa Allah Ya hore mana muhalli a nan Amurka, kun yi ta aiko da fatan alheri, na gode ƙwarai. Abin da ban faɗa muku ba shi ne kunyar da na sha wata biyu da tarewarmu, kuma a kan katanga na sha ta.

Gidan ba abin da ya kewaye shi. Daga ƙofar ɗaki sai ciyawa, daga ciyawa sai titi. Uwargida ba ta iya fita bayan gida ta zauna da yara sai da hijabi, don maƙwabta uku ne ke hangen mu ta tagoginsu. Rannan ta ce, "Maigida, ni fa kamar a kasuwa nake zaune." Maganar ta tsaya mini a rai. Na sayo katako da ginshiƙai da buhunan siminti, na kira 'yan uwa biyu da muke sallah masallaci ɗaya, muka wuni ranar Asabar muna haƙa. Niyyata in kewaye gidan gaba da baya, tsawon ƙafa 8, yadda ko dogo ba zai leƙa ba. Kafin magariba mun kafa ginshiƙai goma sha ɗaya.

Ranar Talata na dawo daga aiki na tarar da jar takarda manne a ƙofa. Daga hukumar gari take: a tsayar da aiki nan take, an fara ba da izini ba, in aka ci gaba akwai tara. Takardar tana kallon titi, duk wanda ya wuce sai ya karanta. Dattijuwar da ke gidan hannun dama tana tsaye tana ba furanninta ruwa, ta ɗago mini hannu kamar kullum, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita. Tun da nake ban taɓa shiga hannun hukuma ba, a gida ko a waje, sai ga shi an yi mini tambari a ƙofa kamar mai laifi, a filin da na biya da gumina.

Da fushina na tafi ofishin washegari. Ma'aikaciyar ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe kwamfuta, ta nuna mini taswirar filina, kowace kusurwa da awonta. Ta ce a garin nan katangar bayan gida ba ta wuce ƙafa 6, ta gaba kuwa ƙafa 4 ce iyakarta. Kuma da yake gidanmu a kan kwana yake, akwai wani yanki mai kusurwa uku a mahaɗar titunan biyu da ba a yarda a tare shi ba, don direban da zai karya kwana ya hango yaron da ke tahowa a keke. Babu doka ɗaya ta ƙasa a kan wannan, kowane gari da tasa. Wani garin sai ka nemi izini ko guntun shinge za ka kafa, wani kuma sai tsawon ya wuce ƙa'ida. Laifina shi ne ban tambaya ba.

Sai ta ce, "Ka kira 811 kafin ka haƙa?" Ban ma san mene ne ba. Lamba ce guda ga ƙasar baki ɗaya tun 2007, kyauta ce, kana kira kwana biyu ko uku kafin ka sa shebur a ƙasa, sai a turo masu gano abin da aka binne. Suka zo suka fesa fenti, suka kakkafa 'yan tutoci a ciyawata: ja wayar lantarki, ruwan ɗorawa bututun gas, shuɗi ruwan sha, kore bututun ƙazanta, ruwan lemo wayar tarho da intanet. Na tsaya ina bin layin nan ruwan ɗorawa da ido har ya ratsa tsakanin ramuka biyu da muka haƙa. Tsakaninsa da ɗayan bai fi taƙi biyu ba, kuma da diga muka haƙa shi, yarana suna tsugune a baki suna kallo. Nan take fushin ya zube. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ashe da sauran aiki. Dole na ɗauko safiyo, wanda kuɗinsa ya ninka na takardar izinin sau da yawa. Ya zagaya da na'urarsa har ya tono ƙarafan iyaka da aka binne a kusurwoyi tun ranar da aka yanka filin. Da ya ja igiya, sai ga ginshiƙaina uku sun shiga filin dattijuwar nan da inci 5. Simintin ya riga ya kama, yini guda na yi ina fasawa. Ina fasawa ina tuna abin da aka karantar da mu tun a makarantar allo, cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci za a rataya masa ƙassai bakwai a wuya, kuma in an yi jayayya a kan hanya a bar mata kamu bakwai. Karatun namu ne, amma sai a nan na ga an tilasta mini aiki da shi.

To ku duba unguwanninmu don Allah. Wannan ya turo katanga ƙafa ɗaya cikin layi, na gabansa ya ce ai ni ma ba bawa ba ne, ya turo biyu, wani ya ɗora dakali a kan lambatu, wani ya haƙa shadda a hanyar jama'a. Layin da a da mota ke juyawa a ciki, yau in an yi rasuwa sai an karkata makara kafin a fita da ita, in gobara ta tashi 'yan kwana-kwana su tsaya a bakin titi suna kallon hayaƙi. Damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakuna, mu ce ƙaddara. Jan fentin hukuma kuwa ba ya zuwa sai an gama gini, a rushe na mai rauni, na mai ƙarfi ya kwana lafiya. Kuma ba rashin tsari muka gada ba. Da can mai unguwa da dattawa ke tsayawa a ja iyaka kafin a sa tubali. A jihar Masacusets har yau garuruwa suna naɗa mutanen da aikinsu duba shinge da raba gardamar maƙwabta, wato abin da muka yar su suka riƙe. A Kalifoniya kuma dokar 2013 ta ce in katangar iyaka ce kana son maƙwabci ya biya rabonsa, sai ka rubuta masa takarda kwana 30 kafin ka fara.

Kada ku ɗauka komai ya yi mini daɗi. Bayan izinin gari sai da na sake neman yardar ƙungiyar masu gidajen unguwa, su kuma har launin fenti sai sun zaɓa maka, makonni ina jira. Kyakkyawar fuskar katangar maƙwabci ake juya wa, kai da ka biya ka zauna da bayanta. Fasassun kwalabe ko waya mai ƙaya a kai kuwa, ko da wasa. Gaban gida yana nan tsirara, kuma har gobe ban saba ba. Mutanen nan ba su san darajar zaure ba, ba su san tsakar gidan da mace za ta cire ɗankwali ta sha iska hankali kwance ba. Wani lokaci da yamma sai in ji ina kewar katangar ƙasa ta gidanmu, da sanyin inuwarta bayan la'asar.

Da aka gama, mai dubawa ya zo da tef ɗinsa ya auna, ƙafa 6 cif, ya sa hannu. Yanzu uwargida tana shanyarta a baya, ko da yake tagar bene guda tana hango mu.

A makon ne na kira Kawu, wanda ke kula mini da ginin filina a gida. Na ce, "Kawu, don Allah katangar gaba a mayar da ita daidai kan shaidar safiyo, a bar wa lambatu hanyarsa." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan nan, duk layin fa sun fito, kai kaɗai za ka koma ciki? Bulo layi huɗu mun riga mun ɗora." Na ce a sauke, asarar a wuyana. Jiya ya turo mini hoto, an sauke.