Cibiyar da ke jinya da sauraro: abin da na gani a Yamai

A Yamai, da zarar an ambaci ciwon ƙwaƙwalwa, hankalin mafi yawan mutane yakan tafi Pavillon E na Babban Asibitin Ƙasa, inda ake kai waɗanda ciwonsu ya tsananta. Amma tsakanin mai lafiya garau da wanda sai an kwantar da shi akwai jama'a masu yawan gaske, kamar mai baƙin cikin da ya ƙi wucewa, da matashin da ya faɗa shan taramol, da maijegon da ta kasa sakewa da jaririnta tana kuma jin nauyin faɗa. Irin waɗannan ne wata ƙaramar cibiya mai zaman kanta take karɓa a cikin birnin, kuma na san aikinta ne ta hanyar ƙanena, wanda ya dawo daga ci-rani a Libiya ba ya barci, ba ya son ganin mutane, ƙarar babur ma tana firgita shi.

Ginin gida ne na haya da aka gyara, akwai tsabta da inuwa, kuma ba a kiran sunan mutum da ƙarfi a wurin jira. Wannan ya ishe ni game da ginin. Abin da ya cancanci dogon bayani shi ne yadda malamar da ke ganawa da majinyata, wadda ta karanci halayyar ɗan Adam, take tafiyar da zamanta. Takan ba mutum kusan awa guda, ba ta katse shi, ba ta yi masa wa'azi, ba ta kuma gaggawar ce masa ya yi haƙuri, alhali haƙuri shi ne abu na farko da mu 'yan uwansa muka yi ta cusa masa har ya daina yi mana magana. Bayan wani lokaci ya ce mini: "Yaya, ita tana tambayata abin da na gani, ku kuwa kuna gaya mini abin da ya kamata in ji." Ban taɓa jin bayanin amfanin wannan aiki da ya fi wannan ba.

Wasu daga cikin danginmu sun ɗauki jinya da magana a matsayin al'adar Turawa da ba ta dace da mu ba, kuma ina ganin sun yi wa tarihi gajeren karatu. Gaskiya ne cewa a Faransa likita Philippe Pinel ya fara aiki a asibitin Bicêtre a 1793, ya kuma yi suna wajen yaƙi da ɗaure majinyata da sarƙa, bisa hujjar cewa hankalin mai taɓin hankali bai mutu gaba ɗaya ba, akwai sauran da za a iya yi wa magana. Gaskiya ne kuma cewa likitocin Ostiriya Sigmund Freud da Josef Breuer sun wallafa bincikensu a 1895, inda suka nuna cewa furta abin da aka danne a zuci yana rage ciwo. To amma kusan shekara dubu kafin su, Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a 934, ya rubuta Masalih al-Abdan wa al-Anfus, ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan rai masu magani, ya kuma bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda yake saukar wa mutum ba dalili, wanda ya ce yana da nasaba da jiki. Har shawara ya bayar cewa mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya, yadda ake ajiye magani a gida saboda rana ta baci.

Hanyar da malamar take bi ta fi kusa da wannan tunani. Tana sa majinyaci ya kama tunanin da ke zuwa masa kafin fargaba ta taso, ya auna shi, ya tambayi kansa ko hujjarsa ta tsaya. Likitan Amurka Aaron Beck ne ya tsara wannan salo a shekarun 1960, shi kuma ya amince cewa tushensa yana wajen masana falsafar Girka irin su Epiktetus, wanda ya koyar cewa hukuncin da muke yanke wa al'amura shi ke tayar mana da hankali fiye da al'amuran kansu. Ina da ja a nan, domin abin da ƙanena ya gani a hanyar sahara da gidajen tsare baƙi ba kuskuren tunani ba ne, zalunci ne na zahiri. Abin da ya burge ni shi ne malamar ba ta taɓa nuna masa cewa tsoronsa shirme ne ba. Ta yi aiki ne a kan raba jiya da yau, domin jikinsa ya yarda cewa yanzu yana gida.

Inda cibiyar ta fi samun yabona shi ne shigar da iyali cikin jinya. Salon da aka gada daga Turai ya ginu a kan mutum ɗaya da sirrinsa, a ɗaki rufe, alhali a wurinmu ciwon mutum na gidansu ne, kuma uwa ce za ta ga ko ya ci abinci. Likitocin Afirka sun daɗe da gane haka. A 1954 likitan Najeriya Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. A asibitin Fann na Dakar, inda likitan Faransa Henri Collomb ya fara aiki a 1959, an mai da ɗan rakiya wani ɓangare na jinya. A cibiyar ta Yamai ma akan kira mai rakiya lokaci-lokaci, da yardar majinyaci, ba tare da an tona abin da ya faɗa a keɓe ba. Ranar da aka gayyaci mahaifiyarmu, malamar ta gaishe ta da ladabi, ta ce: "Inna, ku ci gaba da addu'a da karatun da ake yi masa, amma kada a dake shi, kada a ɗaure shi, kada kuma a ce ya bar maganin likita." Da wannan magana ta samu goyon bayan tsohuwar, wadda da farko ta tsaya a kan cewa iska ce.

Akwai gyara, kuma ba ƙarami ba. Lokacin da ƙanena yake zuwa, kuɗin zama ɗaya jaka goma ne, ban da na magani, kuma jinya irin wannan ba ta ƙarewa a zama biyu ko uku, don haka talaka ba zai jure ba. Takardun tambayoyin da ake cikewa da Faransanci suke, sai a riƙa fassara su da baki zuwa Hausa ko Zabarmanci, wanda bai yi lakwal ba kuwa yakan ji kamar jarrabawa ake yi masa. Likitan ƙwaƙwalwa mai rubuta magani ba kullum yake zuwa ba, wanda ya makara sai ya jira mako mai zuwa. Ga kuma ƙofar shiga da ke fuskantar titi, a garin da ganin mutum a irin wannan wuri kan iya ɓata maganar aurensa.

Ina ba da shawarar wurin ga mai fama da damuwa ko firgici ko baƙin ciki mai tsawo, idan yana da halin biya, kuma ya nemi zaman safe domin ya fi ƙarancin jira. Wanda kuwa ya daina gane mutane, ko yake maganar halaka kansa, kada a tsaya neman layi a nan, a wuce da shi asibiti a ranar.