Gaz, gawayi ko itace? Amsa ga ƙanwarmu ta Garin Malam

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanwarmu ta unguwar Garin Malam nan Damagaram ta yi tambaya jiya da dare, tace su bakwai ne a gida, kullum sai ta sayi itacen dala ɗari ban da gawayin shayin maigida, yanzu maigidan yace zai sayo butel ɗin gaz amma uwar mijinta ta ƙi, wai gaz fashewa yake kuma tuwonshi ba daɗi. Tana so a kwatanta mata ukun nan, wanne ya fi sauƙin kuɗi wanne kuma ya fi raga ma daji. To ƙanwata bari in faɗa miki yadda nake ganin abin, wanda ya fi ni sani sai ya gyara.

Mu fara da kuɗi tunda shi ne ya kawo maganar. Dala ɗari kullum sefa 500 kenan, a wata jika 15 cur, amma da yake kaɗan kaɗan take fita ba kya jin zafinta. Shi kuwa gaz farashin da hukuma ta tsaida tun shekarun baya, cikon ƙaramin butel mai kilo 6 sefa 1.800 ne, babba mai kilo 12 da rabi kuma 3.750, wato jika uku da dala ɗari da hamsin. Ko da ace babban butel biyu kike ƙararwa a wata jika 7 da rabi kenan, rabin abinda kike kashewa yanzu. Ki ce ma uku kike ƙararwa dan gidan akwai baƙi, har yanzu ba ki kai jika 12 ba. A nan kam gaz ya wuce su duka ba gardama.

Kuma sauƙin nan akwai dalilinshi, gaz ɗin a bayan garinmu ake yin shi. Matatar mai ta SORAZ da ke hanyar Tanout, wajen kilomita 50 arewa da Damagaram, tun ƙarshen 2011 ta fara aiki, ɗanyen man daga Agadem ake turo mata ta bututu, ganga 20.000 take iya tacewa a rana, esans da gazuwal da gaz ɗin girki duk daga nan suke fitowa. Abin da ban haushi a ce gaz na fita daga ƙofar gidanmu ana kai shi Yamai amma mu muna nan muna hura wuta ido na hawaye.

Sai dalili na biyu wanda mutane basu cika lura da shi ba. Murhun duwatsu uku ɓarna yake yi sosai, in kika kasa zafin itacen kashi goma, kashi ɗaya da ɗan wani abu ne kawai ke shiga tukunya, sauran iska ta kwashe, bare lokacin hunturu da iska ke kaɗawa a tsakar gida wutar ta karkata gefe guda tana dafa banza. Gaz kuwa fiye da rabin zafinshi cikin tukunya yake tafiya. In aka yi lissafi ƙaramin butel ɗin nan mai kilo 6 yana yin aikin itace wajen kilo 60 zuwa 70 a murhun duwatsu. Ki duba ɗaurin da ake baki na dala ɗari ki ga ɗauri nawa zai kai haka.

To amma ba zan yi miki tallan gaz in ɓoye aibinshi ba. Na farko shiga cikinshi tsada, butel ɗin kanshi wanda babu komi ciki ya fi cikon tsada nesa ba kusa ba, ga resho ga tiyo ga kan da ake ɗaura ma butel ɗin. Na biyu shi baya karɓar dala ashirin, ranar da ya ƙare sai an ciro kuɗin ciko gaba ɗaya, kuma bai taɓa ƙarewa sai tukunya na kan wuta, shi ya sa gidaje da yawa butel na nan a jingine an koma itace, ba dan gaz ya fi tsada ba sai dan kuɗin cefane kullum ake bada shi. Maganin wannan asusu ne, dala ɗarin nan da kika saba bai ma mai itace ki riƙa jefa rabinta a gwangwani. Na uku akwai lokutan da yake wuya a gari musamman da sanyi, ka ga mutane da butel a bayan babur ana zagaye daga Sabon Gari zuwa Zango, in an samu ma a ce sai ka ƙara kan farashi. Ko an sayar miki babban jika biyar dai har yanzu kin ci riba, amma ranar da babu shi kwata kwata fa dole a ci abinci.

Maganar Hajiya uwar mijinki kuma kada ki yi mata dariya, tana da gaskiyarta. Gaz na yin ɓarna in aka yi sakaci, sai dai yawanci ba butel ne ke fashewa haka kawai ba, yoyo yake yi ta tsohon tiyo ko robar bakin butel da ta mutu, kuma shi ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru a ɗaki, wani ya zo ya ƙyasta ashana. Warin nan da kike ji da gangan ake sa mishi dan a gane in yana fita. In kin ji shi ki rufe butel ki buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin kuran, kada a kunna komi. In za a gwada yoyo da ruwan sabulu ake gwadawa, inda ya yi kumfa nan ne, ba da ashana ba dan Allah. Butel a tsaye yake zama a inuwa, masu kwantar da shi ko su ɗora shi kusa da wuta wai dan ragowar ta fito, su ne ke jawo ma kansu. Abu ɗaya kuma da ya shafi gida irin naku, ƙaramin butel kan wutar a bisanshi yake, ki ɗora babbar tukunyar tuwon mutum bakwai can sama ki sa muciya kina tuƙi ga yara na gilmawa, wallahi bana son ganin haka. Ƙaramin na amarya ne da ɗan makaranta. Ku babban ya dace da ku, da resho na ƙarfe mai gajerun ƙafafu wanda ke zama daram a ƙasa.

Batun ɗanɗano kuwa, tuwo hannu ne da garin hatsi, amma gaskiya wanda ya tashi da ƙamshin hayaƙi a miyar kuka zai ji bambanci, wannan ba a musu da tsoho a kai.

Yanzu itace. Ni ban ɗauke shi abokin gaba ba, murhun ne matsala. Tun shekarun 1980 aka fito da murhun ƙarfe da ake ce ma Mai Sauƙi da na laka da ake ce ma Albarka, dabarar duka ɗaya ce, a kewaye wutar kada iska ta kwashe ta, tukunya ta nutse ciki zafi ya bi gefenta. Maƙeran kasuwar Dole za su yi miki na ƙarfe daidai tukunyarki, na laka kuwa ke da kanki za ki gina da yumɓu da ƙaiƙayi da kashin jaki, ki bar tsakanin tukunya da bangon murhu kamar faɗin yatsa, ƙofa ɗaya ta sa itace. In an gina shi daidai yana rage itace wajen kashi ɗaya cikin uku, wato jika 15 ɗinki ta dawo kusan 10 ba tare da kin sayi komi ba. Amma dole kowace tukunya da murhunta, in kika sa ƙaramar tukunya a babban murhu aikin banza ne. Inda itace ya fi gaz shi ne dahuwa mai daɗewa, wake, ƙafar sa, kan rago, girkin suna da na biki, waɗannan shanye butel suke yi. Inda ya faɗi kuwa hayaƙi ne. Hukumar lafiya ta duniya tace hayaƙin girki cikin gida yana kashe mutane wajen miliyan 3 a shekara a duniya, mata da ƙananan yara ne suka fi shan shi, mu kuma ga goyo a baya muna duƙe muna hura wuta. Masu kunna wuta da leda da tsohon takalmin roba ku yi ma Allah ku bari, wannan hayaƙin ya fi na itacen mugunta.

Gawayi shi ne na fi jin haushi cikin ukun, dan yana da kamar tsafta, ba hayaƙi sosai ba baƙin tukunya, sai mutum ya ɗauka ya ci gaba. Alhali kafin a samu kilo ɗaya na gawayi ta hanyar da ake yi a daji, a binne itace a turbuɗe da ƙasa, sai an ƙone itace kilo biyar ko fiye, yawancin zafin can daji ya tafi tun bai iso furno ɗinki ba. Kuma mai gawayi baya neman ƙirare, gungume yake so, itatuwa masu tauri irin su ƙirya da ke daɗewa kafin su girma. A kuɗi ma in za ki dafa abincin mutum bakwai da shi kullum ba za ki ji da daɗi ba. Ga haɗarin da ya fi na gaz ɓoyuwa, da sanyi a shigo da garwashi ɗaki a rufe ƙofa dan jin ɗumi, yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko kala, mutum ya yi barci ya wuce. A bar shi a shayin maigida da turaren wuta da guga da ɗan gashi, a waje.

Ta wajen daji kuma gaz ɗin ma daga man ƙasa yake, ba wai ba ya gurɓata iska ba ne, amma mu nan abinda ke gabanmu itatuwa ne da rairayi. Duk wanda ya bi ta Mirriah ko Matameye ko Magaria ya ga gawo tsaye cikin gonaki, manoma ne suka raya su da hannunsu, suna barin tohon da ya fito daga kututture maimakon su sare, masu bincike sun ƙiyasta abin ya kai hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar, yawanci tsakanin Maradi da Damagaram. Manomin da ya sassabe reshe a gonarshi ya kai ma matarshi bai cuci kowa ba, baɗi wani zai toho. Mu na birni da muke saye a amalanke da mota ba mu san inda aka saro ba, mu ne ke cin dajin.

Dan haka in ni ce ke, zan karɓi gaz ɗin hannu biyu in roƙi maigida ya daure ya ɗauki babba, in kuma gina murhun laka a gefe. Ruwan zafin safe, kunu, miya, shinkafa, ɗumame duk gaz, tuwon dare da wake a murhu, kin ga Hajiya ta samu tuwonta yadda take so, ranar da gaz ya yi wuya kuma ba ki tashi hankali ba. Ko a wanne kike girki ki rufe tukunya, ki jiƙa wake tun dare, in ya tafasa ki rage wuta dan ruwan da ke tafasa baya ƙara zafi komin yawan wutar. In kuɗi ya samu nan gaba kokot mai rufe tururi tana rage lokacin wake da nama sosai.

Sai wajen ciko, ki ce ma wanda za a aika ya duba hatimin bakin butel bai yage ba da robar da ke ciki, in akwai sikeli kusa a ɗora, nauyin butel ɗin ba gaz yawanci a rubuce yake a jikinshi, a haɗa da kilo 12 da rabi a ga ko ya cika.