Kafin ka biya kuɗin manhajar sarrafa injina, tambayi mai toshe ƙofar rumbunta

Kwanakin baya wani mai masana'antar sarrafa hatsi a Kakuri da ke Kaduna ya kira ni in duba manhajar da aka kafa masa, wadda ke nuna zafin injina, wutar da aka sha da yawan buhunan da suka fita. Da izininsa na zauna gaban kwamfutar, a akwatin da ake rubuta sunan mai shiga na buga alamar waƙafin sama guda ɗaya tak, na danna. Sai allon ya cika da saƙon kuskure daga rumbun bayanai, har da sunan wurin da ake ajiye kalmomin sirri. Na ce masa, "Alhaji, ƙofar nan a buɗe take."

Wannan ita ce ɓarakar cusa umarnin SQL, wato yaren da manhaja ke ba rumbun bayanai umarni da shi. Manhaja ta ɗauki abin da mutum ya rubuta, ta cakuɗa da nata umarnin, ta miƙa wa rumbu ba tare da ta raba aya da tsakuwa ba. Mai mugun nufi sai ya rubuta umarni a gurbin suna, rumbu ya aiwatar. A masana'anta kuwa, a rumbun nan ake ajiye asusun ma'aikata, tarihin aikin injina, wani lokaci har da iyakar da ƙararrawa ke kaɗawa. Wanda ya shiga zai iya ba kansa matsayin shugaba, ya sauya alƙaluma, kai kana kallon allo kana ganin komai lafiya.

Yawancin masu saye suna fara duba manhajar manyan kamfanoni mai lasisi, irin WinCC ta Siemens ko WebAccess ta Advantech. Kada babban suna ya sa ka saki jiki. A 2010 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Stuxnet ta shiga rumbun WinCC da kalmar sirrin da aka dasa a cikin manhajar tun daga kamfani. An fitar da gargaɗi kan cusa SQL a WebAccess a 2014, haka kuma CISA, hukumar tsaron intanet ta Amurka, ta yi kan DIAEnergie ta Delta Electronics a 2021 da 2022. Duk da haka ni wajen manyan kamfanonin nake karkata idan aljihu zai ɗauka, domin ɓarakarsu ana bayyana ta, a ba ta lambar CVE (lambar rajistar ɓarakar da aka gano), a fitar da gyara. Matsalarmu ita ce gyaran ba ya isowa. Dillali ya zo daga Legas ko Abuja ya kafa, ya karɓi kuɗinsa, shekara biyar ba wanda ya sake taɓa ta. Saboda haka a rubuta cikin yarjejeniya wa zai sa gyara, cikin kwana nawa bayan fitowarsa, kuma nawa ne kuɗin sabunta lasisi, musamman da yake da dala ake lissafinsa.

Sai manhajar da matasanmu ke rubutawa a nan gida, irin wadda aka yi wa Alhaji. Tana da araha, mai ita yana Kawo ko Barnawa, kira ɗaya ya iso, kuma yana ɗinka ta daidai da aikinka. Ina son mu riƙa ba su aiki. Amma babu wani mai bincike daga waje da ke duba masa kuskure. Tambaye shi kai tsaye: shin yana tura umarni daban, abin da mutum ya rubuta daban, ko haɗe su yake yi a layi ɗaya? Raba su ne maganin cutar, kuma tsohon magani ne. A Maris 2024 CISA da FBI, hukumar binciken laifuka ta Amurka, sun sake kira ga masu rubuta manhaja da su yi hakan, bayan ɓarnar da aka yi ta irin wannan ɓaraka a MOVEit, manhajar aika fayiloli, a 2023. Idan mai rubuta maka manhajar ya fara kame-kame, dakatar da ciniki. Ka kuma nemi ya yarda wani daban ya gwada manhajar kafin ka cika kuɗi.

Kwafin sata da ake ɗorawa kan tsohuwar Windows 7, wadda Microsoft ta daina tallafa wa tun Janairun 2020, ba na saka shi a lissafi. Ba gyara, ba wanda za ka kama.

Kowacce ka ɗauka, duba yadda za a kafa ta. Asusun da manhaja ke shiga rumbu da shi kada ya zama mai cikakken iko. Kwamfutar injina kada ta zauna a layi ɗaya da ta akanta ko wayoyin ma'aikata. Idan kana son ganin alƙaluma daga gida, a bi ta VPN, wato keɓantacciyar hanya mai kulle a cikin intanet, kada a buɗe shafin ga duk mai intanet. Babban dillali kuma ka tambaye shi ko kamfaninsu na bin ƙa'idar IEC 62443 ta tsaron na'urorin sarrafa injina, ya nuna takarda.

Alhaji bai watsar da tasa ba. Yaron da ya rubuta ta ya dawo ya gyara umarnin, muka cire kwamfutar daga layin ofis, na sake buga waƙafin nan, allon ya ce suna ba daidai ba.