Hattara da gidan da aka yi wa kwaskwarima don a sayar

Jama'a, duk mai niyyar sayen gida ya tsaya ya karanta wannan kafin ya ba da ko sisi. Akwai masu sayen tsohon gida da arha, su yi masa gyaran 'yan makonni, su mayar da shi kasuwa da tsada. Sana'a ce halal, kuma akwai masu yin ta tsakani da Allah. Amma wasunsu maha'inta ne, kuɗinsu a inda ido ke sauka kawai suke kashe shi: fenti, tayil, silin, fitilu, sabbin kawunan famfo. Abin da ke cikin bango da ƙarƙashin ƙasa da saman silin kuwa yana nan da ciwonsa, an dai lulluɓe shi.

Babban abin da ake ɓoyewa shi ne danshi. Bangon da ke shan ruwa daga ƙasa, in aka kankare shi aka shafa sabon fenti, zai yi kyau na ɗan lokaci, sai ruwan sama ya sauka fentin ya kumbura ya fara ɓarewa. Ka durƙusa ka shafa gindin bango da tafin hannu, musamman bangon da ke jingine da banɗaki. In ka ji sanyi, ko wani farin gari kamar gishiri ya biyo hannunka, ruwa na nan ciki. Ka kuma lura da inda aka manna tayil a bango daga ƙasa zuwa gwiwa a ɗakin da ba ruwansa da ruwa, sau da yawa lema aka rufe. Ka rufe ƙofa da taga na ɗan lokaci, sannan ka shiga ka shaƙi iskar ɗakin. Warin fumfuna ba ya ɓuya sai in an cika ɗakin da turare, shi ma yawan turaren abin tambaya ne.

Tsagewar bango ita ce ta fi tayar min da hankali, domin nan maganar rai ake yi. Siririyar tsaga a filasta ba komai ba ce. Wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko take bin layin bulo tana hawa, tana iya nuna harsashin ginin na motsi. Irin wannan cike ta ake yi a shafe. Ka haska tocila a gefen bango, hasken na kwance, za ka ga tabon ciko ya fito. Haka in aka ce maka an rushe bango an faɗaɗa falo, ka tambaya me ke ɗauke da nauyin da bangon nan yake ɗauka. An zuba bim, wato dogon kankare mai rodi da ake kwantarwa a sama ya ɗauki nauyin? Wane injiniya ya duba? Kankare na buƙatar kimanin kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafa masa, mai sauri kuwa ba ya jira.

Tayil kuma ka ƙwanƙwasa shi da makulli. Wanda ya yi ƙara kamar babu komai a ƙarƙashinsa bai kama ba, zai fashe. A banɗaki ka zuba bokitin ruwa ka tsaya ka ga inda zai nufa, magudana ko bakin ƙofa. Ka buɗe famfuna duka a lokaci guda, ka ja ruwan masai, ka leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

Wuta fa? Sabon soket ba ya nufin sabuwar waya. Ka zo da mai aikin wutarka ya kwance biyu ko uku ya duba. A ƙa'idar da aka fi bi, waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ake ja wa soket, mai 1.5 ta fitila ce. Masu rage kuɗi sai su ja siririyar ko'ina, wasu ma ba sa haɗa wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa don kada ta ja mutum. Waya ta yi zafi cikin silin da dare, iyali na barci, Allah ya kiyaye. Shi ma silin ɗin sai an hau an leƙa, a ga ko katakon rufi gara ta ci shi, ko kwanon na yoyo.

Kada ka yarda da ma'aikacin da mai gida ko dillali ya kawo maka, ka biya naka. Ka nemi hotunan gidan kafin gyara, da rasidin kayan aiki, da takardar izinin gyaran in an taɓa ginshiƙi ko an ƙara ɗaki. Ka gaisa da maƙwabta, su suka san ko ruwa na kwanciya a tsakar gidan. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyin. Wanda ya hana ka hawa silin, ko ya ce sai da yamma kaɗai za a ga gida, ko yake ta ce maka wani zai biya gobe, ka bar masa gidansa. In kuma har kun daidaita, duk gyaran da ya ce ya yi a rubuta shi cikin takardar ciniki, ya sa hannu a gaban shaidu.