Mezze, tapas ko dim sum: wanne ya fi dacewa da teburin mutum huɗu?

Cin abinci a kwano ɗaya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da ke rikita mutum a gidajen abinci masu ƙananan farantai shi ne kowane faranti da kuɗinsa, kuma abin da ke cikinsa loma uku ne ko huɗu. Wanda ya fita fatauci ko karatu yakan ci karo da iri uku: mezze na Labanan da Siriya da Turkiyya, tapas na Sifaniya, da dim sum na kudancin Sin. Tambaya biyu nake auna su da ita: me ke cikin farantin, kuma za a tashi a ƙoshe?

Mezze nake sa wa a gaba. Yawancin farantansa na sanyi ba nama a ciki. Hummus wake ne irin na Larabawa da aka niƙa da riɗi da tafarnuwa da lemun tsami, mutabbal gasasshen yalo ne da riɗi, tabbule kuwa yankakken ganye ne da tumatir da ɓarzajjiyar alkama. Daga nan sai masu zafi, irin su falafel, mai kama da ƙosai, da kibbe, wato alkama da niƙaƙƙen nama da aka soya. Abin da ya fifita shi shi ne gurasa: da ita ake dangwalar komai, ita ke cika ciki, kuma a wurare da yawa ana ƙaro ta ba tare da wani caji ba. Mutum huɗu su nemi faranti biyar ko shida, su rufe da tire ɗaya na gasasshen nama, ya wadatar. A lura da kibbe nayye, domin ɗanyen nama ne, ba kowane ciki ke karɓarsa ba. Wasu gidajen kuma suna sayar da giyar da ake kira arak, sai a duba kafin a shiga da iyali. Ba sai an je Beirut ko Dubai ba: Kwarori sun daɗe a Kano, kuma akwai gidajen abincinsu a Abuja da Legas.

Tapas yana da daɗi, amma yana buƙatar bincike. Asalinsa abin taɓawa ne a mashaya, kuma naman alade ya ratsa shi ko'ina. Jamón da chorizo duk alade ne. Croquetas ma, da za ka gani kamar soyayyen fulawa kawai, sau da yawa da gutsattsarin jamón a ciki. Masu sauƙin sha'ani su ne tortilla ta ƙwai da dankalin Turawa, da patatas bravas, wato soyayyen dankali da miya mai yaji, da zaitun, da gambas al ajillo, wato jatan lande a man zaitun da tafarnuwa. Ko su ma a tambaya. Wajen kuɗi, a san cewa girman faranti uku ne: tapa (ƙarami), media ración (rabin faranti) da ración (cikakken faranti). Idan kun kai huɗu, ración biyu ko uku sun fi tapa goma arha da ƙosarwa. Kuma mutanen Sifaniya ba sa zaman abincin dare sai wajen ƙarfe 9, wanda ya je da magariba zai iya tarar da kicin a rufe.

Dim sum ne ya fi damuna, saboda 'yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou, inda nan ne gidansa. Abincin safe ne zuwa rana, yawanci 'yan dunƙulen ƙullu da aka cusa wa nama ko jatan lande, ana ci da shayi, ana kawo shi cikin ƙananan kwandunan gora masu tururi, guda uku ko huɗu a kowanne. Siu mai da char siu bao alade ne kai tsaye. Har gow, da ake cewa na jatan lande ne, akan sa masa kitsen alade don ya yi laushi, haka ma ɓawon wasu kayan zaƙin. Don haka zaɓen "na kifi" a gidan da ba na halal ba bai fitar da mutum ba. A nemi gidan Musulmi mai alamar halal da Sinawa ke kira qingzhen. A Hong Kong akwai ɗakin cin abinci a cibiyar Musulunci ta Masallacin Ammar da ke Wan Chai, inda ake yin dim sum na halal. Game da lissafi, a wurare da dama ana buga hatimi a kati duk kwandon da aka ajiye muku, kuma ana cajin shayi a kan kowane mutum, ko ya sha ko bai sha ba.

Idan da dattijo ko yara a tafiyar, mezze zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Duk inda aka zauna kuma, a bar mutum ɗaya ya yi odar, a fara da kaɗan a ƙara daga baya, a kuma yanke tun kafin faranti na farko ya iso ko raba kuɗin za a yi ko mai gayyata ne zai biya.