Kundin IANA na ƙarshen adireshin intanet: abin da yake faɗa da abin da ya yi shiru a kai

Haruffan da ke zuwa bayan ɗigo na ƙarshe a adireshin intanet, irin su .com da .org da .tv, su ne masu nazarin harshe za su kira ɗafa-ƙeya, kuma wanda yake son sanin asalinsu yana da wurin dubawa kyauta a shafin IANA, hukumar da ke riƙe da rajistar waɗannan haruffa ta duniya baki ɗaya: kundin da ake kira Root Zone Database. Na daɗe ina amfani da shi, kuma a ganina ya fi yawancin bayanan da masu sayar da adireshi suke bayarwa, domin su ciniki ne a gabansu, shi kuwa rajista ce kawai.

Tsarinsa ba shi da ado ko kaɗan. Dogon jeri ne na ɗafa-ƙeya sama da dubu ɗaya bisa tsarin abacada, kowace da nau'inta da sunan hukuma ko kamfanin da ke riƙe da ita, kuma idan aka latsa ɗaya sai a ga adireshin mai kula da ita da ranar da aka yi mata rajista. A nan mutum zai tarar cewa .com, wadda aka samar a 1985 domin harkokin kasuwanci, tana hannun kamfanin Verisign, yayin da .org take hannun Public Interest Registry tun 2003. Ita .edu ƙungiyar Educause ce ke kula da ita.

Inda kundin ya fi burge ni shi ne ɗafa-ƙeya masu haruffa biyu, domin duk wadda ta kasance haka ta wata ƙasa ce ko wani yanki, ko da kuwa jama'a sun ba ta wata ma'ana dabam. Mutane da yawa suna ɗauka .tv ta gidajen talabijin ce, alhali ta ƙasar Tuvalu ce da ke tekun Pasifik. Haka .ai, wadda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suke rububinta, ta tsibirin Anguilla ce; .co ta Kolombiya ce, .me ta Montenegro, .io kuma ta wani yanki ne da ke ƙarƙashin Birtaniya a tekun Indiya. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne ga mai shirin gina kasuwancinsa a kan adireshi, tunda dokokin ɗafa-ƙeyar ƙasa suna hannun masu kula da ita a madadin ƙasar, kuma makomarta tana iya bin makomar ƙasar. An soke .yu a 2010 bayan wargajewar Yugoslabiya, ko da yake .su ta Tarayyar Sobiyet tana nan da ranta har yau, shekaru da yawa bayan rushewar ƙasar a 1991.

Sai dai kundin ba ya koyarwa, kuma a nan ne sabon shiga zai sha wuya. Zai gaya maka cewa .ch ta Suwizalan ce, amma ba zai ce an ciro haruffan daga sunan ƙasar na Latin ba, kamar yadda ba zai bayyana cewa .de ta fito daga sunan da Jamusawa suke kiran ƙasarsu ba. Ba zai kuma faɗi wanda ya cancanci saye ba, alhali a nan ne babban bambancin yake: .gov an keɓe ta ga hukumomin gwamnatin Amurka, sabuwar rajistar .edu sai manyan makarantun da aka amince da su a can, amma .org kowa na iya mallakarta, ko ɗan kasuwa ne ko ɗan damfara, don haka ganinta a adireshi ba shaidar amana ba ce. Domin sanin irin waɗannan sharuɗɗa, dole mai bincike ya bi mahaɗin da aka sanya zuwa shafin mai kula da ɗafa-ƙeyar, wanda wani lokaci ma da yaren ƙasar aka rubuta shi.

Tsawon jerin shi ma yana gajiyarwa, musamman a waya. Tun da ICANN, ƙungiyar da ke tsara sunayen adireshin intanet a duniya, ta buɗe ƙofar neman sababbin ɗafa-ƙeya a 2012 ta karɓi buƙatu 1,930, sunaye irin su .shop da .xyz da .google suka cika wurin, har da waɗanda aka riga aka janye amma aka bar sunayensu da alamar cewa ba su da mai kula. Ni dai akwatin neman kalma na burauza nake buɗewa in rubuta haruffan da nake so, kuma kafin in biya kuɗin kowane adireshi sai na fara ganin sunan wanda ke riƙe da ƙarshensa.